Babban esin gida ya ƙi tashi, an ce kwamfireso ya ƙone

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gidanmu a Gawon Nama yake, nan Sakkwato. Muna da babban esi irin wanda ke sanyaya gida duka ta bututun da ke cikin silin. Tun ƙarshen damina ba mu kunna shi ba. Da zafi ya shigo muka kunna, sai fankar cikin gida ta riƙa hura iska ba sanyi. Injin waje kuwa yakan yi gurnani na ɗan lokaci ya yi shiru, wani lokacin ko gurnanin ma babu. Wani mai gyara ya duba ya ce kwamfireso ya ƙone, gas kuma ya ƙare. Maigida ya yi tafiya, ga surukata tsohuwa ce, zafin nan yana wahalar da ita. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sauƙaƙa mata wannan zafi. Na daɗe ina aikin na'urorin sanyi a garin nan, kuma da zarar watan Maris ya kama irin wannan koke ne ke fara sallama a wayata. Kafin komai, kada ki fitar da kuɗin kwamfireso tukuna, wato injin nan da ke matsa gas yana tura shi cikin bututu, kada kuma ki yarda a ɗura gas. Sannan daga yau ki daina gwada kunna shi. Ki kashe shi daga tamostat, wato ɗan allon nan na bango da kike saita sanyi da shi, ki bar shi haka har a gama bincike. Duk gurnanin da injin nan ya yi bai tashi ba, wayoyin cikin kwamfireso ne ke gasuwa. Idan lafiyarsa ƙalau yanzu, yawan gwaji shi ne zai iya mayar da maganar mai gyaran nan gaskiya.

Maganarsa guda biyu ce, kuma ba su cika zama a tabarma ɗaya da abin da kika bayyana ba. Gas ɗin esi ba man mota ba ne da zai ƙare don an sha tafiya. A rufe yake cikin bututun jan ƙarfe, yana kai da komo tsakanin injin ciki da na waje, shekara goma ma sai ya yi bai ragu ba. Idan ya ragu, akwai wurin da ya huje. Kuma ƙarancin gas ba ya sa inji gurnani. Idan injinku yana da makunnin kariya na ƙarancin gas, shiru za ki ji tsit, ko motsi ba zai yi ba. Idan ba shi da shi, kwamfireso zai tashi ya yi ta aiki, sanyi ne dai ba za ki samu ba. Gurnani labarinsa daban: wuta ta isa wurin kwamfireso, ya yunƙura zai juya, ya kasa. A garin nan abubuwan da suka fi jawo haka su ne raunin wuta da mutuwar kafasita, kuma dukansu biyu gyaransu bai kama ƙafar kuɗin kwamfireso ba.

Bari in zana miki yadda umarni ke tafiya a cikin na'urar, don ki iya bin mai gyara da ido ki san inda ya tsallake. Idan kika danna sanyi, tamostat yana aika 'yar ƙaramar wuta, a mafi yawan irin waɗannan esi bolt 24 ce, zuwa injin waje. Can akwai wani makunni mai maganaɗisu da muke kira kontakta. Ƙaramar wutar nan ce ke janyo shi ya rufe, ki ji ya ce ƙas, sai babbar wuta ta wuce zuwa kwamfireso da fankar waje. Kafasita kuma ita ce ke ba su tunkuɗar da za su fara juyawa, ta ci gaba da tallafa musu muddin suna aiki. A kan hanyar ƙaramar wutar akwai masu gadi: makunnin da ke yanke wuta idan matsin gas ya yi yawa, da wanda ke yankewa idan ya yi ƙasa, da wanda ke yankewa idan ruwa ya cika tiren injin ciki. Ko ɗaya daga cikinsu ya ce a'a, injin waje ba zai motsa ba. Da kika ce fankar ciki tana hura iska, kin riga kin rage mana rabin aiki, domin hakan na nuna wuta na shiga injin ciki, kuma galibi ƙaramar tiransifomar da ke ba da bolt 24 tana da rai.

Akwai abubuwan da za ki duba da kanki ba tare da kin kwance ko da sukuru ɗaya ba. Ki tabbatar lokacin da kuka gwada tamostat yana kan sanyi ne, ba kan fanka kawai ba, kuma lambar da aka saita ta yi ƙasa da zafin ɗakin, misali 24. Idan mai batir ne a sa masa sabo. Idan allon yana nuna wasu haruffa da lambobi suna ƙyaftawa, ki ɗauki hotonsu, domin na'urar ce ke faɗin ciwonta da bakinta, kowane kamfani da ma'anar lambobinsa. Ki kuma sani yawancin esi suna jinkirin minti 3 zuwa 5 kafin injin waje ya tashi, musamman bayan ɗauke wuta. Da gangan aka yi haka don matsin gas ya daidaita, ba lalacewa ba ce. Daga nan ki duba akwatin wutar gida ki ga ko birekar esi ta faɗi, ki duba kuma makunnin da ke bango kusa da injin waje, don sau da yawa mai shara ko yaro ne ya kashe shi tun da hunturu aka manta. Idan bireka ta faɗi, ki mayar da ita sau ɗaya tak. Ta sake faɗuwa, ki ƙyale ta. Bireka ba ta faɗuwa don son rai, kuma kada ki yarda wani ya sa miki wadda ta fi ta girma wai don ta daina faɗuwa, waya ce za ta kama da wuta a madadinta.

Ki sa a ciro filtar injin ciki a wanke, a leƙa tiren ruwa ko ya cika. Ƙurar hunturu kan haɗu da danshi ta zama taɓo ta toshe bututun da ke fitar da ruwa. Wannan ba shi ke kawo gurnani ba, amma yana iya zama dalilin shirun da kike ji wani lokacin, kuma aikin minti goma ne.

Yanzu wuta, wadda nake so mai gyara ya fara da ita kafin ya taɓa komai. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma yawancin injuna an yi su ne su jure hawa ko sauka na kashi 10 cikin 100, wato kusan 207 zuwa 253. A jikin injin waje akwai ɗan allon bayanai manne, sau da yawa za ki ga an rubuta mafi ƙarancin wutar da zai iya tashi da ita. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, kowane gida a layinku ya kunna abin da yake da shi, esi da fanka da firij da injin jan ruwa, duk a kan tiransifoma ɗaya. Wutar da ta isa ta haska ƙwai ba lallai ta ɗaga kwamfireso ba. A daƙiƙar tashi kwamfireso yana fizgar wuta kamar ninki biyar ko shida na abin da yake ci yana cikin aiki. A kan allon bayanan nan za ki ga RLA, abin da yake ci yana aiki ke nan, da LRA, abin da yake fizga idan ya kasa juyawa. Injin da ke cin amfiya 20 yana iya neman sama da 100 a wannan ƙiftawar ido. Saboda haka awon da ke da amfani shi ne wanda aka yi a bakin kontakta, daidai lokacin da injin ke yunƙurin tashi. Na sha ganin mita na nuna 215 inji na zaune, ana kunnawa ta rufto ƙasa da 180. Wanda ya auna a soket ɗin falo ya ce wuta lafiya, bai auna komai ba. Irin wannan ruftowar wani lokacin daga layi take, wani lokacin kuma daga cikin gida: wayar da ta yi ƙanƙanta ga injin, ko mahaɗar da ta saki ta yi baƙi a cikin cenji-oba ko akwatin wuta. Idan kuna da sitabilaiza, a auna abin da ke shiga da abin da ke fita, domin ita ma tana gajiya.

Idan a kan janareta kuka gwada, ki tuna yadda muryarsa ta kasance lokacin da esin ke son tashi. Ya durƙusa, fitilu suka dushe, to ya yi wa injin ƙanƙanta, ko kuwa an ɗora masa wasu kaya da yawa kafin a kunna esin.

Ba ki faɗa mini ko injinku mai layi ɗaya ne ko mai layi uku ba, abin da masu wuta ke kira fes uku, kuma bambancin yana da girma. Manyan esi da yawa a gidajen garin nan fes uku suke amfani da shi, wajen bolt 400. Irin wannan kwamfireson ba ya buƙatar kafasita. Idan ya yi gurnani ya ƙi tashi, abin da za a fara zargi shi ne layi ɗaya ya ɗauke cikin ukun, ko fis ɗinsa ya tsinke a kan falwaya, ko ƙafa ɗaya ta kontakta ta ƙone. Wannan yana kashe kwamfireso da sauri ƙwarai. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake sawa don ta hana inji tashi idan layi ya ɓace ko an juya jerin layukan. Idan an yi aiki a tiransifomar unguwarku ko an sake ɗaura wayoyin gidan cikin watannin da esin ke kashe, mai yiwuwa an musanya layi biyu, sai na'urar nan ta kulle injin. Tana da ɗan ƙwai da ke nuna hakan. Gyaran musanya waya biyu ne, amma aikin mai wuta ne da ya san abin da yake yi.

To, a ce wuta ta cika kuma injinku mai layi ɗaya ne. Nan ne zan sa ido a kan kafasita, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya daga bayaninki, ita zan zaɓa. Wani ɗan gwangwani ne mai ruwan azurfa, kamar na lemo, yana cikin ɓangaren wayoyin injin waje. Yawanci tana da kawuna uku, an rubuta C da HERM da FAN, ma'ana gwangwani ɗaya ke yi wa kwamfireso da fanka hidima. A jikinta za ki ga lamba irin 45/5 µF, babbar ta kwamfireso, ƙaramar ta fanka. Babban abokin gabarta zafi ne, kuma ki duba inda muke ajiye ta: cikin akwatin ƙarfe, a kan siminti ko rufin gida, ƙarƙashin ranar Sakkwato. A hankali take raunana. Bara ta iya tayar da injin da ƙyar ba wanda ya lura, bana bayan ya yi wata biyar a zaune ta gaza. Wani lokacin da ido ma ana gane ta, samanta ya kumbura ya yi tozo, ko mai ya tsattsafo. Amma wadda ta mutu tana nan sumul ita ma tana da yawa, don haka sai an cire wayoyinta an auna da mitar da ke karanta kafasita. Idan abin da ta nuna ya kauce wa lambar jikinta fiye da ɗan rangwamen da aka rubuta a wurin, galibi kashi 5 ko 6 cikin 100, a canza ta.

Wajen canji akwai abin lura. Lambar µF dole ta zama daidai da ta tsohuwar, ba a ƙara ba a rage. Lambar bolt kuwa, 370 ko 440 ko 450, ana iya sa wadda ta fi amma ba wadda ta gaza ba, kuma ni a nan garin babbar nake sawa kullum. Kasuwa cike take da kafasita marasa nauyi waɗanda ba sa kai ƙarshen bazara, don haka a auna sabuwar ma a gabanki kafin a ɗaura. Ina roƙonki kada ke ko wani yaron gida ya buɗe wannan ɓangare. Kafasita tana riƙe wuta a cikinta ko bayan an kashe bireka, kuma tana iya jefar da babban mutum. Mai gyara na gari yana kashe wuta, ya tabbatar da mita cewa ta mutu, ya sauke cajin kafasitar, sannan ya sa hannu.

Abu ɗaya da za ki iya gaya masa daga abin da kika gani: lokacin gurnanin, fankar saman injin waje tana juyawa ko a tsaye take? Idan duka biyun sun tsaya, fanka da kwamfireso, zargin kafasita ko raunin wuta ya ƙara ƙarfi, domin da wuya injuna biyu su mutu rana ɗaya. Idan fanka na juyawa kwamfireso ne kaɗai ke gurnani, har yanzu ɓangaren kafasitar da ke masa aiki yana iya zama shi ya mutu.

Kontakta ita ma a duba ta. Injin da ya yi hunturu a kashe gida ne ga kowa: tururuwa, tsaka, ƙadangare, da zanzaro mai gina ɗakinsa na laka a daidai inda bai kamata ba. Ƙwaro ɗaya ya maƙale tsakanin haƙoran kontakta ya isa ya hana wuta wucewa. Haƙoran kuma suna cinyewa su yi baƙi saboda tartsatsi, musamman inda wuta ke rawa. Ita kanta kontaktar tana iya yin wani ƙugi mai kama da gurnani idan ƙaramar wutar da ke janyo ta ba ta cika ba, don haka a tantance daga ina ƙarar ke fitowa. Siririyar wayar da ke kawo bolt 24 daga ciki kuwa ɓera na son ta a cikin silin, rana kuma tana cin rigarta a waje. Abin da ba na so ki yarda da shi shi ne a danne kontakta da tsinke ko a haɗe wayoyin makunnin kariya a tafi a bar shi haka, wai ga shi ya tashi. Duk masu gadin da na lissafa miki an sallame su ke nan.

Yanzu ga abin da nake jin ya faru ranar da mai gyaran nan ya zo, kuma shi ya sa na ce ki dakata. A cikin kwamfireso akwai wani makunnin kariya da ke buɗewa da kansa idan zafi ya yi yawa. Inji ya yi gurnani na 'yan daƙiƙu, ya yi zafi, makunnin ya yanke, shi ne shirun da kike ji. Ba zai sake rufewa ba sai ƙarfen ya huce, kuma kwamfireso dunƙulen ƙarfe ne mai nauyi, a zafin garin nan yana iya ɗaukar awoyi. Wanda ya zo da azahar, bayan an yi ta gwada kunnawa, ya ɗora mita a kan ƙafafun kwamfireso, wato inda wayoyinsa ke shiga, zai ga hanya a yanke, daidai yadda wanda ya ƙone ke nunawa. Sai ya ce ya mutu. Ba lallai ha'inci ba ne, sau da yawa gaggawa ce da rashin sanin wannan. Na taɓa zuwa wani gida a Arkilla da aka riga aka yanke wa kwamfireso hukunci, har an fara cinikin wani. Na ce a bar shi ya kwana a kashe. Da na dawo bayan sallar asuba na auna, wayoyinsa lafiya lau. Kafasita muka canza, muka wanke injin, kuma yana aiki har na bar zuwa gidan.

Ga yadda ake tabbatar da mutuwar kwamfireso, ki nemi a yi a gabanki. A kashe wuta, a bar shi ya huce sarai, a cire wayoyinsa. Mai layi ɗaya yana da ƙafafu uku, C da R da S. A auna tsakanin C da R, da tsakanin C da S, da tsakanin R da S. Na farko da na biyu idan aka haɗa su ya kamata su ba da na uku. Idan tsakanin R da S akwai hanya amma C ba ta haɗuwa da ko ɗaya, makunnin kariyar nan ne bai rufe ba tukuna, a ƙara jira. A mai layi uku kuwa awon nan uku kusan daidai suke fitowa. Daga nan a auna kowace ƙafa da jikin ƙarfen kwamfireso. Idan akwai hanya tsakaninsu, to wannan kam ya ƙone, kuma irinsa yakan kayar da bireka nan take da an kunna. Ke ba ki ambaci faɗuwar bireka ba, wannan ma ya ƙara mini fata. Saura hali na uku: wayoyi lafiya, kafasita sabuwa, wuta ta cika, amma ya ƙi juyawa yana jan LRA. Ya cije ke nan ta ciki. Kafin a haƙura da shi akwai wata ƙarin kafasita ta tayarwa mai haɗe da makunninta da ake ɗaura masa, tana ba shi tunkuɗa mai ƙarfi na daƙiƙa guda. Wasu suna tashi su yi shekaru, wasu ba sa tashi. Sai bayan wannan ne zan yarda a ce ya mutu.

Dogon zaman da ya yi ma yana da nasa tasiri. Idan inji ya daɗe a kashe, musamman cikin sanyin dare na Disamba da Janairu, gas yakan gangara ya cakuɗe da man kwamfireso. Shi ya sa wasu injuna ke da ɗan abin ɗumama da ke naɗe a gindin kwamfireso, kuma masu ƙera su kan ce a ba injin wuta na awoyi kafin kunnawar farko bayan dogon hutu. Idan kun sauke bireka tun damina, shekara mai zuwa a mayar da ita da dare, a kunna esin washegari.

Kafin a tayar da shi a wanke injin waje. Siraran haƙarƙarin nan na jikinsa ta nan zafin gidanku ke fita, kuma bayan hunturu ƙura takan toshe su kamar bargo, ga ganyen dogon yaro da leda. Inji mai datti a rana mai digiri 43 zai tashi, matsi ya hau, makunnin kariya ya kashe shi, kafasita da kwamfireso su yi ta shan wahala. A kashe wuta, a wanke da tiyo a hankali, ba da injin wankin mota ba don yana lanƙwasa haƙarƙarin. Idan za ku yi masa rumfa, ku ɗaga ta sosai ku bar gefuna a buɗe, iskar zafin da yake fitarwa kada ta dawo masa. Ɗabi'ar kwara masa ruwa kullum da rana kuwa ban goyi bayanta ba, domin ruwan wasu rijiyoyin burtsatse namu yana barin farin ɓawo irin na cikin butar shayi, kuma wannan ya fi ƙura wuyar fita.

Maganar gas sai inji ya tashi ake yanke ta da kyau, domin a lokacin ne awon matsi ke faɗin gaskiya. Idan an ga ya ragu, a nemo hujin: inda mai ya yi danshi a mahaɗar bututu, a gwada da ruwan sabulu ko a matsa naitirojin. A like, a zuƙe iska da danshi da famfon zuƙa, sannan a ɗura gas da sikeli gwargwadon nauyin da ke rubuce a allon bayanai. Wanda ya ɗura bai like ba, ya sayar miki da gas ne da za ki sake saya. A kuma sa irin wanda aka rubuta. R22 da R410A ba a cakuɗa su, matsinsu da mansu ba ɗaya ba ne.

Idan duk an bi waɗannan aka tabbatar kwamfireso ya tafi, ku zauna da Alhaji ku auna kafin ku saya. Injin da ke amfani da R22 tsohon yayi ne. Ana janye wannan gas a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya, kuma ƙasashe irin namu suna da wa'adin 2030, don haka samunsa zai riƙa wuya yana tsada. Ki duba kuma ko an rubuta 60 Hz kaɗai a allon. Wasu manyan esi na hannu daga Amurka aka kawo su, an yi su don wutar can, tamu kuwa 50 Hz ce, sai injin ya riƙa juyawa ƙasa da yadda aka tsara shi, sanyinsa ya ragu. Irin wannan ban cika ba da shawarar a zuba masa kuɗin sabon kwamfireso ba. Idan sabo za ku saya, ku nemi mai alamar T3, wanda aka gwada a zafin waje na digiri 46, saɓanin T1 da aka gwada a 35. Garinmu na T3 ne. Idan kuma kwamfireson kawai za a canza, dole a gano abin da ya kashe na farko, a wanke bututu, a sa sabuwar matatar gas da kafasita da kontakta, a gyara matsalar wuta, in ba haka ba sabon zai bi sahun tsohon.

Kafin nan, Inna ita ce abin dubawa. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar yara, don haka a riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba. A mayar da ita ɗakin ƙasa wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma, a rufe labule da rana, a jiƙa tawul a riƙa goga mata a wuya da hannuwa ga fanka na kaɗawa. Idan kika ga jiri, ko rikicewar magana, ko jikinta ya yi zafi ba gumi, a tafi asibiti nan take. Mai gyara na biyu kuma ki ce masa ya zo da sassafe, ya taho da mitar awon amfiya da wadda ke karanta kafasita. Ki turo mini hoton allon bayanan injin waje, da lambobin da ya samu: wutar da ke bakin kontakta lokacin yunƙurin tashi, awon kafasita, da awon ƙafafun kwamfireso uku. Da su zan iya gaya miki abin da za a saya, in sha Allah.